Kafaɗar da Ta Ƙi Ɗaukar Gawa

Shafi na 14

Lokacin da Drupati ta turo ƙyauren gidan ƙanen mahaifinta da tabarma naɗe a hammata, la'asar ta fara sanyi, shi kuwa Dudnath ya gama shirya amsarsa tun da hantsi. Ya shirya ta ne yadda yake shirya kowace amsa tun da aka sallame shi daga aikin tsaron ƙofar ruwan da ke tsakanin gonaki da teku, wato a rubuce, da hatimin likita a ƙasa. Takardar tana cikin aljihun rigarsa, ta sha ninki har ta kusa rabuwa gida huɗu.

Yana kishingiɗe a ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙai, cikin lilon da aka ɗinka da buhunan shinkafa. Kafaɗarsa ta dama tana nan inda ta tare shekara tara da suka wuce, a ɗage dab da kunne, kamar ta mutumin da ya maƙale wayar tarho yana jira a yi magana, ba a yi ba.

"Sannu da gida, Chacha," in ji ta, yadda suke kiran baffa.

"Yauwa, Beti, 'yata. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole." Ta jingina tabarmar da ginshiƙi. "Gobe da ƙarfe goma za a fita da Mama. An saro gora, an ɗaure makara. Mutum uku sun samu. Saura gaba ta hannun dama."

"Saƙonki ya iso."

"Ba nawa ba ne. Nata ne."

Wannan ya sani. Kausila, matar yayansa marigayi Sukhram, ta cika jiya da hantsi, kuma ta bar wasiyya guda wadda duk ƙauyen ya haddace kafin rana ta faɗi: daga bakin titi zuwa bayan katangar teku inda za a ƙone ta, Dudnath ne zai ɗauki kusurwar gaba ta dama. Ita ce kusurwar da aka kira shi ya ɗauka ranar da aka fita da Sukhram, ya naɗe hannuwa a ƙirji a gaban mutum ɗari biyu, ya juya ya bi hanyar gida. A cikin wannan makon kafaɗar ta hau, ba ta sake sauka ba. Mutanen ƙauye suna da nasu bayanin. Dudnath yana da takarda.

Ya zaro ta da hannun hagu, ya miƙa.

"Karanta. Likitan New Amsterdam ne, ba mai saiwa da ganye ba. Hannun nan ba ya wuce nan." Ya ɗaga shi zuwa daidai cibiya, ya yamutsa fuska gwargwadon yadda ya dace. "Da me zan riƙe gorar? Da haƙori? So kike in kayar da Bauji, matar yayana, a gaban jama'a, a ce wancan karon ya ƙi, wannan karon ya zubar?"

Drupati ba ta karɓi takardar ba.

"Na karanta ta sau uku, Chacha. Kai ne ba ka taɓa kai ta ƙarshe ba. Cewa ya yi ƙashi lafiya, gaɓa lafiya. Nama ne ya ɗaure."

Daga saman matakala Rukmin, matar Dudnath, ta leƙo da ludayi a hannu. Tun asuba take gaban murhu, domin gidan da gawa take ba a hura wuta, dangi ne suke kai abinci.

"Gaya masa dai! Shekara tara ni ke sa masa riga kamar jariri. Amma ranar da kwalbarsa ta tashi faɗowa daga kan tebur, na rantse da wancan hannun ya cafe ta."

"Ke, koma wajen tukunyarki. Ba da ke ake ba."

"Da wa ake? Da ginshiƙi?"

Dudnath ya yi kamar bai ji ba, ya juya ga hujjarsa ta biyu, wadda ya tanada saboda irin wannan.

"To, Narine fa? Kin manta yayanki ya rantse a gaban wutar ubansa cewa kafaɗata ba za ta ƙara taɓa makarar gidanku ba? Ni mutum ne mai girmama rantsuwar mutane."

"Narine yana hanya daga Toronto, sai gobe da asuba zai iso. Kuma shi wuta zai kunna, ba makara zai ɗauka ba. Wasiyyar uwa ta fi rantsuwar ɗa."

Tana faɗa tana warware tabarmar a kan daɓe. Drupati ce take koyar da yoga a zauren gidan ibada kowace Asabar, ga matan ƙauye da tsofaffi biyu uku masu hawan jini. Dudnath ya sha bayyana ra'ayinsa a shagon giya, cewa bai ga dalilin da zai kai mutum har Indiya wata shida don koyon numfashi ba, abin da kowane ɗan akuya yake ƙwarewa a kai ranar da aka haife shi.

"Sauko ka kwanta."

"Uwarki tana kwance ba a ƙone ta ba, ke kina yawo da tabarmar wasa?"

"Saboda ita na zo. Ba ni rabin awa. In hannun bai tashi ba, ni da kaina zan je wurin Pandit, malamin gidan ibada, in ce a nemi wani, in ce likita ya hana. Ba wanda zai ji wata magana daga bakina."

Dudnath ya auna. Rabin awa a kan tabarma, a madadin wanke suna daga bakin ɗiyar mamaciya ita kanta, ciniki ne da mai hankali ba ya bari ya wuce. Ya sauko daga lilo da nishi mai yawa, domin a shaida, ya miƙe a rigingine.

"Wannan kwanciyar tana da suna?"

"Kwanciyar gawa."

"Madalla. Kin iya zaɓen rana."

"Gawa ba ta surutu, Chacha. Rufe ido. Ɗora hannun hagu a ciki. Ja iska ta hanci, a hankali, har cikin ya ture hannun. Ba ƙirji ba, ciki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. To, sake ta. Kada ka kore ta, bar ta ta fita da ƙafarta. Har takwas."

A biyar iskarsa ta ƙare.

"Ka gani? Kana ja kamar mai jan guga, kana saki kamar marowaci. Sake. Kuma raba haƙoran nan, ka cije su kamar wanda za a yi wa allura. Sauke harshe daga ganɗa."

"Kafaɗa ce take ciwo. Me ya haɗa ta da haƙori?"

"Magudana ɗaya ce. In ka toshe can, nan ne zai cika. Kai za a gaya wa? Shekara nawa ka yi a ƙofar ruwa?"

"Ashirin da shida."

"Yaushe ake buɗe ta?"

"In teku ya ja baya mana. Wawa ne kawai yake buɗewa teku yana turowa."

"To haka naman nan yake. In ka ja iska, teku ne ya cika, kada ka taɓa komai. In kana saki, ya ja baya, a nan za ka buɗe, kaɗan kawai. Yanzu kai hankalinka inda ya fi tauri. Kada ka yi faɗa da shi. Zauna kusa da shi, yadda ake zama kusa da mara lafiya."

Maganar ta fito daidai. Mutum yana iya musu da likita, da mata, da ƙauye duka. Musu da aikinsa na shekara ashirin da shida shi ne mai wuya.

Ya ja, ya saki. Ya ja, ya saki. Da farko abin da yake ji shi ne kwaɗi a magudana, da ƙarar motar haya a kan titi, da ludayin Rukmin yana buga gefen tukunya da ƙarfin da ya fi na girki. Sannu a hankali waɗannan suka ja da baya, ya tarar da abin da aka aike shi ya nema: wani dunƙule tsakanin wuya da kafaɗa, mai girman lemon tsami, mai taurin dutsen niƙa. Shekara tara yana ɗauke da shi bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Ya zauna kusa da shi kamar yadda aka ce. Duk sanda ya saki iska, Drupati takan zame hannun nasa a kan tabarma zuwa gefe, faɗin yatsa ɗaya, ba ta ƙarawa. In ya ja, ta tsaya. Iskar ta kai shida. Ta kai bakwai. Hannun ya wuce cibiya, ya wuce inda takardar likita ta tsaya, ba tare da ya nemi izinin mai shi ba.

Daidai haƙarƙari ya cije.

"Me ka gani?"

"Me zan gani ido a rufe?"

"Numfashinka ya tsaya. Wani abu ya zo maka. Mene ne?"

Ya furzar da iskar da ya riƙe.

"Buta."

Shekara goma sha biyu ke nan. Wata Lahadi aka yi biki a ƙauyen gaba, aka ba Dudnath ganga, aka ba shi kwalba, ya manta cewa teku ba ya halartar biki. Ƙofar da ya ɗage da safe don ruwan gonaki ya fita ta zauna a buɗe, teku ya juyo da la'asar ya shigo ta cikinta, gishiri ya kwanta a kan shinkafar gida arba'in. Da ya iso a guje da magariba sai ya tarar da ƙofar a sauke. Ya ɗauka sarƙa ce ta kuɓuce ƙofar ta faɗa da kanta, ya gode wa sama. Ga hukuma da manoma kuwa ya ce yana wurin tun farko, sarƙa ce ta cije yana ta kokawa da ita, kuma shaidarsa yayansa, wanda gonarsa take jikin ƙofar. Sukhram ya ce masa, je ka, zan tsaya maka.

Manoma suka ce su ba su san takarda ba, sai an rantse yadda kakanni suke yi: a cika butar tagulla da ruwa, a jefa ganyen ɗoɗɗoya mai tsarki, mai shaida ya ɗaga ta da hannun dama har goshi, ya faɗi maganarsa. Aka ajiye butar a gaban Sukhram a farfajiyar gidan ibada. Ya kama wuyanta. Ya tsaya. Gumi ya keto masa. Butar ba ta bar ƙasa ba. Bayan kwana tara aka sallami Dudnath.

"Ubanki," in ji shi, muƙamuƙinsa ya koma ya cije, "ya dube ni, ya dubi buta, ya zaɓi buta. Mutumin kirki! Da tun a gida ya ce mini ba zai iya ba, da na nemi wata dabara. A'a, sai da ya bari aka tara mini duniya. Nono ɗaya muka sha, Beti. Shi ya koya mini iyo a magudanar nan. Butar nan nauyin me gare ta? Ko yaron goye zai ɗaga ta!"

"Saki iskar."

"Ba zan saki ba!"

"To riƙe. Shekara goma sha biyu kana riƙe da ita, minti ɗaya ba zai ƙara komai ba."

Ya riƙe, don ya nuna mata. Ya riƙe har jijiyar goshinsa ta fito, sannan ya saki, kamar yadda kowane mai taurin kai yake saki a ƙarshe, ba don an fi shi hujja ba.

Drupati ta jira ya yi numfashi uku. Hannunta yana kan wuyan hannunsa, bai motsa ba.

"Chacha, in mutum zai sauke ƙofar ruwa, me yake fara yi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Amsa mini. Kai ne gwani."

"Sai ya dafe mariƙin ƙarfen da hannu biyu, ya ɗan murza baya nauyin ya dawo kansa, sannan ya zare sakata. Sannan ya bi ta a hankali har ƙasa."

"In ya zare sakatar bai dafe ba fa?"

"Haba. Ƙofar nan ta fi saniya uku nauyi. Mariƙin zai juyo kamar farfela, ido ba ya ganinsa. In ya same ka a..."

Bai ƙarasa ba.

"Manomi ya san wannan?"

Kwaɗin magudana suka ci gaba da harkarsu. A sama, ludayi ya daina buga tukunya.

"Ba sarƙa ce ta kuɓuce ba," in ji Drupati. "Baba ne. Yana gona ya ga ruwa yana tafiya ta inda bai kamata ba, ya ɗanɗana ya ji gishiri. Ya yi ta kiranka babu kai. Ya hau, ya ga sakata, ya zare. Ina da shekara goma sha bakwai. Ta bayan gida ya shigo, jiƙe sharkaf, ya tallafo hannun dama da na hagu kamar ya tsinto shi a hanya. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya rabu biyu. Mama ta yage mayafinta ta ɗaure shi a ƙarƙashin riga. Ni na riƙe mata bakin ƙyallen."

"Ƙarya ne."

"Ja iska."

"Da ya je asibiti!"

"A tambaye shi me ya same shi? Ya ce mariƙin ƙofar ruwa? A ce ina mai tsaron yake? Kai kuma ka riga ka rubuta wa hukuma cewa kana wurin. Baba ya ce in aka haɗa barin aiki da ƙaryar takarda, ba sallama za a yi maka ba, kotu ce."

Dudnath ya buɗe ido. Abin da ke samansa katakon daɓen gidansa ne, da gidan zanzaro a jikin wata azara. Ya dube su kamar bai taɓa ganinsu ba.

"Kwana uku ya yi yana gwadawa da kofi," in ji ta. "Kofin da babu komai a ciki. Rana ta uku ya kai shi haɓa, ya ce wa Mama, kin gani, zan iya. Bai lissafa nauyin tagulla da ruwa ba. Ranar rantsuwa ya je ne ya yi maka ƙarya, Chacha, da ruwa mai tsarki a hannu. Ya yarda ya ɗauki wannan zunubin. Hannun ne ya ƙi."

"Da... da ya ɗaga da hagu."

"Wa zai karɓi rantsuwar hagu? Kai za ka karɓa?"

Ba zai karɓa ba. Babu wanda zai karɓa a duk gaɓar Corentyne, har masu cewa sun waye.

"Me ya hana ya gaya mini?"

"Ya zo ƙyauren nan sau biyu."

Daga matakala muryar Rukmin ta sauko, ba da ƙarfin da aka san ta da shi ba.

"Na farko ka ce in ce ba ka nan. Na biyu ka kwance kare."

"Daga nan ya ce a bar maganar," in ji Drupati. "Ya ce gara ka tsane shi, shi yana da 'ya'ya, za su taya shi ɗauka. In ka tsani kanka, ba ka da mai taya ka. Ya sa ni da Mama muka yi alkawari. Ranar Talata Mama ta ce da ita aka ƙulla, ita kuma ta kusa tashi, in ka zo mini da takarda in gaya maka."

Ƙashin ya haɗe a karkace. Sukhram bai ƙara riƙe garma ba. Ya ba da gonar aro, ya koma lilo, ya yi shekara uku a ciki ya mutu. Dudnath ya tuna yadda ya fassara wa jama'a wannan zaman, a shagon giya, fiye da sau ɗari: kunya ce ta hana shi fita, maci amana ba ya iya haɗa ido da rana. Mutane sun yi dariya, wasu ma sun saya masa ƙari.

"Numfashin nan da kake rainawa," in ji Drupati, "a kansa na fara koya. In ciwon ya taso masa ni nake ƙirga masa. Bai taɓa wuce shida ba. Kai ka kai bakwai."

Wanda ya yi kuka a rigingine, kunnuwansa ne suke tara hawaye. Dudnath ya ji sun cika, bai iya sharewa ba, domin hannu ɗaya yana kan ciki, ɗayan yana hannun 'yar Sukhram. Numfashinsa ya tsinke gida-gida. Ƙirjinsa ya yi ta tsalle kamar kifin da aka jefa cikin kwalekwale.

"Yaya," in ji shi, ba ga kowa ba. "Wayyo, Yaya. Na kwance maka kare."

"Kada ka tare shi," in ji Drupati. "Bar shi ya wuce. Yanzu ja. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saki. Koma wurin dunƙulen, yana nan?"

"Yana nan."

"Zauna da shi. Teku ya ja baya, Chacha. Buɗe."

Ba a numfashi na farko abin ya faru ba, ba kuma a na goma ba. Rabin awar da aka yi ciniki a kai ta wuce tuni, babu wanda ya tuna da ita. Can wajen na talatin, iskar ta kai takwas ta zarce, sai ya ji wani ɗumi ya gangaro daga bayan kunne, dunƙulen ya yi laushi kamar man shanu a kan gurasar roti mai zafi. Sannan ya ji sanyi a wani wuri da ya manta yana da shi. Bayan kafaɗarsa ne ya taɓa ƙasa.

Hannun ya ci gaba da tafiya, yatsa ɗaya, yatsa ɗaya, da zafi kamar ana yage tsohon ƙyalle, har ya daidaita da kafaɗa, ya ɗan haura.

"Ya isa. Juya ta gefen hagu, ka tashi a hankali. Kada ka yi gaggawa, jiri zai ɗebe ka."

Rukmin ta riga ta sauko. Ba wanda ya aike ta, ta je ta zare gorar da take tokare igiyar shanya, ta bar rigunan suka faɗi a ƙasa. Drupati ta karɓa ta ɗora masa a kafaɗa, ta kama bayan, ta danna da nauyinta.

"Ja. In kana saki, ɗaga ka kama."

Ya saki. Hannun ya tashi, ya wuce ƙirji, ya wuce haɓa, yatsun suka naɗe gorar.

Rukmin ta goge ido da bayan hannu, ludayi da duka.

"To, daga yau kai za ka dinga sa rigarka."

"Taku nawa ne daga titi zuwa wurin wuta?" in ji Dudnath.

"Wajen ɗari uku. Ana sauke makarar sau biyar a hanya, za ka huta."

"Zan kai. Ko da zan faɗi, sai na ajiye ta tukuna. Ba kusurwata ba ce, Beti, ta ubanki ce. Shekara tara na makara."

Mota ta tsaya a bakin gadar katako. Aka rufe ƙofa, aka turo ƙyaure ba sallama. Mutumin da ya shigo ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefen kai, amma tafiyar ta Sukhram ce. Yana riƙe da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle.

"Narine!" in ji Drupati. "Ba gobe ka ce ba?"

"Na samu jirgin jiya. Na biya ta gida na ga Mama." Idonsa yana kan hannun da ke riƙe da gora. "Sannu, Chacha. Ashe yana tashi."

"Yaya, ka tsaya ka ji," in ji Drupati, "akwai abin da ba ka sani ba."

"Na sani. Ranar Talata ta kira ni. Awa ɗaya tana magana, ina tsaye a wurin aiki kamar gunki." Ya matso cikin inuwar gida. "Ni da nake ganin laifinka kawai ƙin ba da kafaɗa ne. Ashe wannan ne ƙarami."

"Ɗana..."

"Kada ka ce mini ɗana. Wanda ya haife ni ya mutu da hannu ɗaya."

"Wasiyyarta ce, Yaya," in ji Drupati.

"Ba zan taka wasiyyar Mama ba. Amma ni ma na rantse, a gaban wuta, kuma ban ga wanda ya warware mini ba. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana gaya wa duk wanda ya saya masa kwalba cewa ubana maci amana ne. Har Toronto maganar ta same ni."

Ya warware ƙyallen. Tagullar ta dushe, akwai ɗan lotsawa a gindi, amma Dudnath zai gane ta ko a cikin dubu. Kausila ce ta roƙe ta daga gidan ibada bayan mutuwar mijinta, ba wanda ya san dalili.

Narine ya tsoma ta cikin duron ruwan sama har ta cika. Ya je gindin tutocin addu'a da ke kusurwar gida, ya tsinko ganyen ɗoɗɗoya guda, ya jefa. Ya dawo ya ajiye ta a kan tabarma, daidai ƙafar Dudnath.

"Gobe gida arba'in ɗin nan duk za su zo. Kafin ka taɓa gorar uwata, za ka ɗaga wannan har goshi, da dama, ka faɗi inda kake ranar Lahadin nan, ka faɗi wanda ya sauke ƙofa. In ka yi, kusurwar taka ce. In ba ka yi ba, ni zan ɗauka, in kuma kunna wutar."

"Narine, tsoho ne," in ji Rukmin. "A ƙauyen nan zai ƙarasa kwanansa."

"Ubana ma a nan ya ƙarasa nasa." Ya nuna butar da haɓa. "Gwada yanzu, Chacha. Ai kai ne kake cewa ko yaron goye zai ɗaga ta."

Drupati ta zare gorar a hankali. Dudnath ya dubi ganyen yana yawo a kan ruwa. Ya ga fuskokin gida arba'in, ya ga na shagon giya a bayansu. A ƙarƙashin rigarsa ya ji naman ya fara tattaruwa, yana hawa wajen kunne, yadda teku yake dawowa ba tare da ya tambayi kowa ba.

"Chacha," in ji Drupati ƙasa-ƙasa. "Iskar tana ciki. Sake ta."

Ya sunkuya. Ya miƙa hannun dama ga butar.

Ya kama wuyanta. Ya tsaya.